Wai da gaske suna jin bambanci, ko kuɗin kwalbar suke sha?

Ɗan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, amma kafin wani ya ɗauko min wa'azi, ni ban taɓa sa giya a bakina ba, kuma ba ni da niyya. Wata takwas ke nan ina aikin kai abinci a wani otal a nan Kumasi. Jiya da dare baƙi uku suka zauna, Bature ɗaya da Tonawa biyu, suka sa aka kawo musu wiski kala uku. Abin da aka zuba wa kowa bai cika kofin ataya ba, amma awa biyu cur suna kansa. Wannan ya shinshina ya ce zuma yake ji, wancan ya ce a'a, busasshen inabi ne, Baturen ya lumshe ido ya ce hayaƙi da iskar teku. Da na kwashe kofunan na kai ɗaya hanci, wallahi warin asibiti na ji, irin maganin da ake wanke ciwo da shi. Kuɗin da suka biya kuwa ya fi abin da nake kashewa a waakye wata guda.

Ni dai na ce ƙarya ce. Barasa duk barasa ce, sunan da ke jikin kwalba da kuɗinta suke sha, kowa na tsoron a ce bai waye ba. Wanda ya san harkar ya faɗa min in na yi kuskure.

Sawaba_Boy:
Iskar teku a cikin kofi? Chale, ka ce masa ya hau mota zuwa Cape Coast, a can kyauta ake shaƙa.

Malam_Yelwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ce kada a yi maka wa'azi, to ba zan tsawaita ba. Amma tambayar da ta fi taka muhimmanci ita ce: wa ya ɗauki kofunan ya kai teburin? Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da wanda aka kai wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Ban ce ka ajiye aiki gobe ka zauna da yunwa ba, na san yadda gari yake. Ka nemi manajanka ya mayar da kai ɓangaren karin kumallo ko kicin. Allah Ya buɗa maka wata ƙofar.

Ɗan_Aboabo:
Amin Malam, na gode. Mai bar ne ke kaiwa, ni kwashewa nake yi da goge tebur. Amma na ji, zan yi wa manaja magana. Sai dai tambayata tana nan.

MaiBar_Osu:
Ƙanina, shekara 19 nake tsaye bayan kanta a Ankara. Ni Kirista ne, iyayena 'yan Navrongo, a Nima na tashi, shi ya sa Hausa ta zauna a bakina. Malam ya yi nasa, ni kuma bari in yi nawa, don tambaya ka yi.

In ka ji sun ce single malt, abu biyu suke nufi a haɗe. Da sha'ir zalla aka yi shi, wanda aka jiƙa ya yi tsiro aka busar, kuma daga gidan dafawa guda ya fito, ba a gauraya shi da na wani gida ba. Johnnie Walker ɗin da ake ɗagawa sama a wurin biki ba shi ba ne, shi haɗi ne na gidaje da yawa. A dokar Sikotlan sai an dafa shi a tukunyar jan ƙarfe an tara tururin, an ɗura a gangar katakon ok ya zauna aƙalla shekara 3, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Ranar da ya fito daga tukunya fari ne tas, kamar akpeteshie, barasar nan mai ƙarfi da ake dafawa a nan Ghana. Ganga ce ke ba shi launi da yawancin ƙamshinsa.

To ita gangar ba sabuwa suka fi amfani da ita ba. Wata an taɓa ajiye barasar bourbon ta Amurka a cikinta, ita ke ba da ƙamshi mai kama da zuma da fanila. Wata kuma giyar inabin Sifen da ake kira sherry ce ta kwana a ciki, ita ke ba da ƙamshin zabibi da duhun launi. Saboda haka mutumin da ya ce yana jin busasshen inabi ba lallai ƙarya yake ba. Ka ajiye man shanu a ƙwaryar da ta saba da daddawa ka ga ko ba zai ɗauka ba.

Lambar da kake gani a jikin kwalba, 12 ko 18, shekarun mafi ƙanƙanta ne a cikin abin da aka zuba. Ni in za a bar ni da zaɓi, na yankin Speyside nake so, irin su Glenfiddich da Glenlivet, masu laushi, da ɗigon ruwa kaɗan, ba ƙanƙara. Wanda ka shinshina kuwa, ko ban gani ba na san daga ina ya fito.

Ataya_Base:
Ikon Allah. Shekara 18 abu na cikin ganga. Ni atayata in ta wuce minti arba'in a kan gawayi yara sun fara zagina.

Kawu_Glasgow:
MaiBar ya bar maganar a rataye, bari in ƙarasa masa. Ni direban bas ne a nan Glasgow, a Sikotlan, ba na sha, amma wanda ya zauna a garin nan dole ya ji labarin wiski ko ba ya so, kamar yadda ba ka zama a Kumasi ba ka san ƙungiyar ƙwallon Kotoko ba. Wanda ɗan'uwana ya shinshina daga wani tsibirin Sikotlan yake, ana rubuta shi Islay amma Aila suke faɗa. Can ne gidajen dafa wiski na Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg suke, a jere a bakin teku. Itace ya yi musu ƙaranci, sai suke haƙo wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi a fadama, su yanka kamar tubali, su shanya, su ƙona. Da hayaƙinta ake busar da tsiron sha'irin. Sinadarin da ke cikin hayaƙin dangi ɗaya ne da na maganin wanke ciwo. Ka ga ke nan hancinka bai yi ƙarya ba, na Baturen ma bai yi ba. Abu ɗaya kuka ji, kai ka tuna asibiti, shi ya tuna gida.

Su kansu mutanen nan ba bakinsu ɗaya ba. Akwai abokin aikina, ɗan ƙasa ne tun kaka da kakanni, ya ce in an ba shi na Aila kyauta zai wanke taya da shi.

Tsadar kuma akwai dalili a wani ɓangare. Duk shekara kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke ganga yana bin iska ta jikin katako. Suna kiransa rabon mala'iku, wa'iyazubillahi. Ka lissafa shekara 18 ana asara, ga kuɗin sito, ga haraji, ga na jirgi zuwa Tema, ga ribar otal ɗinku.

Malam_Yelwa:
Subhanallah. Mala'iku sun barranta daga wannan rabo.

Tsohon_Soja_Krofrom:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Ni Bafrafre ne daga Bolga, a bariki na koyi Hausa, don a zamaninmu ita ce yaren soja. Ina zuwa coci, ina kuma shan abina daidai gwargwado, ba na ɓoyewa.

Duk wannan tsiro da ake ta yi wa Turanci, uwata ta san shi tun kafin a haife ni. Pito da me ake yi? Jar dawa ce ake jiƙawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a babbar tukunya, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, a sa yis ɗin da aka ɗebo daga na jiya. Kashegari ya tashi. Ku rufe min ido ku miƙo ƙwarya, zan faɗa muku na Dagaaba ne ko namu na Frafra, zan faɗa muku a tukunyar ƙasa aka dafa ko a ta dalma. Ni na matan Nandom na fi so, kada 'yan garinmu su ji. Na safe daban, mai zaƙi-zaƙi yana kumfa. Na yamma ya yi tsami ya yi ƙarfi, shi ke sa mutum ya manta hanyar gida. Ba wanda ya rubuta lamba a jikin ƙwarya, kuma ba wanda zan burge a rumfar pito. Me zai sa in yi ƙarya?

A kwalba kuwa Guinness ce tawa, ba mai sanyi ƙarara ba. Yaran yanzu Club suke so, wai ta fi sauƙi a maƙogwaro. Ba laifi, tsohuwa ce ita ma, kamfaninta na Ankara tun 1931 yake. Da muka je aikin kiyaye zaman lafiya a Lebanon an ba ni arak ɗinsu, wanda in ka zuba ruwa sai ya koma fari kamar nono. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye. Su kuwa kamar su haɗiye kofin.

Akpeteshie ne kaɗai ba na kusanta. Turawan mulki sun hana shi don a sayi barasarsu ta kwalba da ake kira jin, mutane suka koma dafawa a ɓoye, sunan ma da yaren Ga ɓuya yake nufi. Sai 1962 doka ta sake shi. Na binne abokai biyu saboda shi.

Kawu_Glasgow:
Baba Soja, gaisuwa. Maganar Guinness ta tuna min. Ta gida kashi 7.5 ce, wadda ake zubawa a famfo a nan kuwa 4 da ɗan ɗoriya. 'Yan Ghana da 'yan Najeriya da ke nan sai su ce ta Turawa ruwa ce, su tafi shagon 'yan Afirka su sayi wadda aka kawo daga Legas da tsada. Alhali asalin abin daga Dublin yake tun 1759. Wanda ya ara ya zo yana gaya wa mai abu cewa nasa bai yi ba.

Hajiya_MaiLamurji:
Oh ni 'yasu. Na shigo in ga sanarwar suna, na tarar ana darasin giya a gidan Musulmi. To tunda an zo maganar harshe, ni ma ina da abin faɗa. Shekara 26 ina dama lamurji a Alabar. Akwai mai zuwa tun daga Tafo, in ya kurɓa sai ya ce, Hajiya yau kin canza citta. Kuma gaskiyarsa, ranar ban samu mai yaji ba, na sayi wadda ta sha ruwa. Wata takan ce kanumfari ya yi yawa, wani ya ce tsamiyar bana ba ta kai ta bara ba. Sobolo ma haka: na mai sa kimba da ɓawon abarba daban, na mai zuba kala da sukari daban. Saboda haka ɗana, a kan cewa harshe na rarrabewa, ina bayan tsohon soja. A kan abin da suke rarrabewar kuwa, Allah Ya shirye su, Ya tsare mana zuri'a.

Tsohon_Soja_Krofrom:
Hajiya na karɓi addu'a. Lamurjinki ma ina sha, jikata ke sayo min.

Amaryar_Tafo:
Don Allah ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen, tunda masana sun taru. Bikina saura sati biyu. Mun sayi katan-katan na Malta da wannan wain ɗin na biki da ake cewa ba giya a ciki. Gwaggona ta ce ba za a shigar mata da su gida ba, wai Malta ƙanwar Guinness ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kwalbar wain ɗin kuma ko ganinta ba ta son yi. Abokan aikin ango Tonawa ne da yawa, ba na son a ce teburinsu ruwan leda kawai aka ajiye. Ya zan yi?

Ummi_Tech:
Amarya, Allah Ya sa alheri. Kimiyyar abinci nake karanta, bari in faɗi abin da na sani, hukunci kuma na malamai ne.

Gwaggo ta yi gaskiya a rabi: kamfani ɗaya ne, masana'antarsu ma tana nan Kaase. Farkon aikin ma ɗaya ne, tsiron hatsi ake dafawa a samu ruwa mai zaƙi. Daga nan hanya ta rabu. In aka zuba yis, shi ne ke cinye sukarin ya mayar da shi giya. Malta ba a ba yis wannan damar, shi ya sa take da zaƙi haka, sukarin yana nan ba abin da ya ci shi. Wato dai kamar pito ne kafin a sa masa yis, Baba Soja zai gane. Masu ciwon sukari su ne ya kamata su yi hattara da ita.

Wain ɗin biki kuwa iri biyu ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai ruwan inabi zalla da aka ɗura wa gas, bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda giya ce sosai aka yi, daga baya aka cire mata barasar da inji, irin wannan yakan rage ɗan kaɗan, har zuwa kashi 0.5. Ki juya bayan kwalbar ki karanta, ki kuma duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, FDA. Kada ki dogara da bakin mai shago, shi burinsa kaya su fita.

Abin dariyar, sobolon da aka ɗura a jarka aka bari cikin zafin nan kwana uku ba firji, in kin buɗe kika ji ya yi tsit yana kumfa, shi ma ya fara hanya. Yis na nan cikin iska, ba ya neman izini.

Malam_Yelwa:
Malama Ummi, Allah Ya ƙara ilimi. Abin da kika faɗa na ƙarshe yana da asali. Ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa yana sha, amma ba ya wuce kwana uku yana shansa. Ƙa'idar ita ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ruwan inabin da bai taɓa tsimuwa ba, ba matsala. Wanda aka cire wa barasa, malamai sun yi saɓani, ni dai ina ba da shawarar a bar shi tunda ga wanda ba shakka a kansa. Sai dai Amarya, ko halal ne, a bar wannan girgiza kwalba ana fesa wa jama'a. Kwaikwayo ne, kuma almubazzaranci ne.

Hajiya_MaiLamurji:
Kwana uku? Nawa ko yini ba ya yi, kafin la'asar ya ƙare. Amarya ki zo mu yi magana, in cika miki kula biyu. Tonawa sun fi ku son lamurji, su ne rabin masu sayena.

Sawaba_Boy:
Hajiya ta shigo da talla ta bayan gida 😂 Admin a karɓi kuɗin tebur.

Alhaji_MaiGoro:
Tun ɗazu nake karantawa ina murmushi. An bar yaron nan da tambayarsa an tafi biki. Ɗan_Aboabo, zo in tambaye ka: ranar da ka fara tauna goro, me ka ji? Na san amsar. Ɗaci da bauri, ka tofar, ka ce tsofaffi ba su da hankali.

Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Tun ana fataucin Gwanja, ana haɗuwa a Salaga, kafin hanya ta buɗe a gangaro Kumasi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, in aka buɗe huhu ba ya ko taunawa da farko. Zai ɗauki ɗaya ya murza a hannu, ya fasa ya saurari ƙarar, ya shinshina, ya gaya maka ko sabon ɗiba ne ko ya kwana biyu, ko an bar shi ya sha iska. Sabon goro ruwa ne da yauƙi da bauri mai kama harshe. Daushe kuwa, wanda aka adana tun bara cikin ganyen fita, ana buɗewa lokaci-lokaci ana canza ganye ana tsince mai sankara, shi ya bushe ya yi ƙaras, baurin ya kwanta, in ka kora da ruwa sai ka ji zaƙi ya biyo baya. Kuɗinsa ya fi na sabo nesa, saboda wanda ya ajiye ya yi asarar wani kaso a hanya. Da Kawu ya kawo maganar abin da ke bin iska a ganga, sai na ce ashe su ma suna da sankararsu.

Yanzu in ka kawo Baturen nan naka ka ba shi daushe da hannun ruwa, zai ce duk ɗaci ne, mu ne muke ƙarya don a ce mun iya. Ka ga inda ka tsaya ke nan.

Amma kada in cuce ka, akwai masu abin da ka faɗa. Na sha sayar wa mutum farar marsa manya-manya, ba don ya san daɗinta ba, don dai in ya fito da ita daga aljihu a wurin ɗaurin aure a kalle shi. In ka musanya masa da wani ba zai gane ba har abada. Tonawa in za su gaida sarki ko neman aure kwalbar barasar shinaf suke riƙawa, mu goro muke kaiwa. Ba a raba kowanne da neman girma.

Ban haɗa halal da haram ba fa, Malam, kafin ka ɗago. Harshe kawai nake magana a kai.

Malam_Yelwa:
Alhaji ban ce komai ba. Sai dai a rage goron ma saboda hawan jini.

MaiBar_Osu:
Alhaji ya gama magana, Allah Ya ƙara girma. Ƙanina, ɗazu na nuna maka inda ka kuskure, yanzu ga inda ka yi daidai. Cikin masu sayen kwalba mai tsada a wurina, da yawa Coke suke tuttula mata har ta nutse. Wanda ya yi haka da mai shekara 18, da ya sayi mai arha da bai ji bambanci ba. So yake a kawo kwalbar da tartsatsin wuta, teburin kusa su juyo.

Na taɓa aiki a wani wuri, ba zan faɗi suna ba, inda mai gidan ke ɗura mai arha a kwalbar mai tsada. Watanni ana haka ba wanda ya ce uffan, har da masu lumshe ido suna kiran zuma. Ranar nan wani dattijo shiru-shiru ya kai kofin hanci, ko kurɓa bai yi ba, ya turo min shi ya ce, yaro, wannan ba ita ba ce. Kunya ta sa a satin na bar wurin.

Giyar inabi ta fi kowacce yawan masu riya. Baurin da Alhaji ya faɗa, shi ne dai a cikin jar, daga ɓawon inabi da ƙwallonsa yake fitowa, kuma shi ma yana kwanciya in ta daɗe. Amma zafi ne maƙiyinta. Kwalba ta yi wata shida a tsaye a shago rana na dukanta, ta riga ta dahu, sai mutum ya saya don ya ga an rubuta Faransa, yana sha yana yabawa. Ni gara min ta Afirka ta Kudu mai sauƙin kuɗi da aka adana da kyau. Kuma ba duk mai kumfa ce shamfen ba, sai wadda ta fito daga yankin da ke da sunan a Faransa.

Na_Dawo_Hanya:
Ban so in yi magana ba. Ni Musulmi ne, ɗan Zongo, na sha shekara tara ina sha a ɓoye, yau shekara shida da na bari, alhamdu lillahi. Duk abin da MaiBar da Kawu suka faɗa gaskiya ne, akwai bambanci, ni ma na iya rarrabewa a lokacin. Da haka ma aka ja ni. Ogana ne ya ce ɗanɗana kawai, wannan ba irin ta 'yan tasha ba ce, ta manya ce. Zumar da hayaƙin duk a kofin farko suke. Daga na uku harshe ya mutu, ba ka neman ƙamshi, ƙari kake nema. Da aikin ya tafi, kuɗin suka tafi, ni da nake raina masu shan bitas, barasar nan mai arha, na dawo ina laɓewa bayan kiyos da shi da safe. Matata ta koma gidansu sau biyu.

Ɗan_Aboabo, shinshinar nan ma ka rage. Ni daga hanci na fara.

Admin_Zongo:
Allah Ya ƙara tabbatar da kai ɗan'uwa. Jama'a, na goge saƙo biyu na zagi. Gidan nan akwai Musulmi akwai Kirista, duk 'yan unguwa ne. Wanda zai yi gyara ya yi da ladabi kamar yadda Malam ya yi.

Tsohon_Soja_Krofrom:
Na_Dawo_Hanya, ka yi namijin ƙoƙari, na sara maka. Abokaina biyun da na ce na binne, da sun yi irin taka da yanzu muna tare muna karɓar fansho. Ni ƙwarya biyu ce iyakata, matata ce mai ƙirgawa, kuma ta fi sajan-manjo tsanani.

Direban_Tamale:
Ni abin da ya dame ni da su duka, mai tsada da mai arha, shi ne in na haɗu da mai shan su a hanyar Techiman da dare. Motar ba ta san ko na shekara 18 ya sha ba.

Ɗan_Aboabo:
Na dawo daga aiki yanzu na karanta duka. Yaya Na_Dawo_Hanya, na makara da ganin saƙonka, don da yamma na riga na sa mai bar ɗinmu ya buɗe min kwalba biyu na kai hanci. Ɗaya asibitin nan ce dai, an rubuta Islay a jiki kamar yadda Kawu ya ce. Ɗayar kuwa, ba zan yi ƙarya ba, kamar an buɗe kwalin dabino da kek. To na janye cewa duk ɗaya ne. Amma ban janye maganar kuɗi ba, kuma cikin mutum ukun nan har yanzu ina zargin biyu da bin bakin Baturen. Ba zan ƙara shinshinawa ba in sha Allah. Malam, manaja ya ce sai ƙarshen wata zai duba maganar canjin.

Ataya_Base:
Ka zo bes gobe in gwada ka da ataya, zagaye na farko da na uku, in ka rarrabe mu ba ka satifiket.

MaiBar_Osu:
Wanne daga cikin ukun ka yarda da shi? Ni na fi zargin Baturen. Mai lumshe ido da yawa ba a cika samun gaskiya wurinsa ba.

Amaryar_Tafo:
Na juya kwalbar kamar yadda Anti Ummi ta ce, an rubuta 0.0, amma sauran rubutun da wani yare ne, ina jin na Sifen. In turo hoto? Gwaggo kuma ta ce ko Malta ɗin sai dai a juye a jug a bayan gida kada ta ga kwalbar.

Hajiya_MaiLamurji:
Kula biyu ko uku? Ki faɗa min kafin Laraba, citta ta yi tsada a Kejetia.